Ku Ciza Mana

Hoto ɗaya tak nake nema. Ban ce goma ba, ban ce a cika mini albam ba. Hoto ɗaya na Baba da jikokinsa biyu, kowa ya kalli gaba, babu mai kuka, babu mai yatsa a hanci. A ganina wannan ba abin da za a tara jama'a a kansa ba ne. Amma sai da na kwashe sati biyar ina fama, a ƙarshe ma sai da wani mutumin Maraɗi mai sanye da ciyawa ya shigo cikin maganar.

Baba, wato Malam Tamimu, manomi ne a Bakori. A kakar 2016 muka kawo shi New York aka yi masa aikin yanar ido. Aiki ya yi kyau, ido ya buɗe tar, sai dai abin da ya buɗe ya gani bai yi masa daɗi ba. Ya ga kansa a hawa na tara a unguwarmu ta Parkchester da ke Bronx, babu zaure, babu maƙwabcin da zai leƙo a gaisa. Ya kuma ga jikoki biyu suna kallonsa kamar wanda ya zo yanke wuta.

Jibrin shekararsa shida, Ummi huɗu. Sunanta na yanka Habiba, sunan mahaifiyata ne, shi ya sa a gida muke ce mata Ummi. A makaranta kaɗai ake kiranta Habiba. Inna ta rasu shekara biyu kafin zuwan Baba, ba ta taɓa ɗaukar takwararta a hannu ba. Hotunan yaran nan a wayata sun fi dubu, har da na ranar da Jibrin ya cusa wake a hanci, amma babu ko ɗaya da Inna. Abin nan yana ci mini rai har gobe, kuma na rantse ba za a maimaita shi da Baba ba.

Ranar da ya sauka ya buɗe hannu ya ce wa Ummi, "To ga matar tawa! Ina tuwona?" Ta ruga bayan kujera. Ya juya ga Jibrin: "Kai kuma mai kan tulu, kai ne ka hana ta zuwa ko?" Jibrin ya dube ni ya tambaya da Turanci ko zai iya komawa kallon katun. Wasan kaka da jika kuwa sai da mai ramawa. Baba ya tsokana yau, ya tsokana gobe, ba wanda ya rama, sai ya daina.

"Suna ji fa, Baba," na ce masa. "Mayarwa ce ba sa yi."

"Balki, akuyata ma in na kira ta tana waiwayowa."

Daga nan ya koma zaman taga. Bayan azahar zai ja kujera ya zauna da carbinsa, yana kallon motoci yana magana ƙasa-ƙasa shi kaɗai, Ummi na wasa da 'yar tsanarta a bayansa. Ya daina rage murya a gabansu, kamar yadda ba a rage murya don kujera. Da ya rage kwana huɗu ya tafi, ya ce kada mu sake wahalar da kanmu da neman masa biza. "Na zo na ga jikoki, alhamdu lillahi. Su ne dai ba su gan ni ba."

Ga shi kuma Baba bai yarda dattijo ya washe baki a hoto ba. A cewarsa mahaukaci da ɗan siyasa ne ke yin haka. Duk hoton da na ɗauka a falo sai ya fito kamar na fasfo, yaran kuma sai ƙeyarsu ko ƙafa ɗaya tana barin hoton.

Abena, wata 'yar Ghana da muke aiki tare a asibiti, ita ta ba ni shawara. Ta nuna mini hotunan 'ya'yanta zaune a tsakiyar kabewa jajaye, kowa baki har kunne. Ta ce duk watan Oktoba haka ake yi, a kai yara gonar kabewa, ko yaro mai baƙin hali sai ya yi dariya a wurin. Na dawo gida da murnata, kuma a nan na yi kuskuren da ya jawo komai. Na ce, "Baba, gobe za mu gona."

Tunda ya zo ban ga fuskarsa ta saki haka ba.

Da safe na fito da babbar rigarsa mai aiki, ta sha guga. Sai na tarar da shi a bakin ƙofa cikin tsohon wandon jins na mijina Zailani, ya ɗaure ƙafafun wandon da igiya, ya zura takalman roba na shiga ƙanƙara, ga buhun shinkafa fanko a kafaɗa.

"Ina fartanya?" ya ce.

Zailani bai taɓa musa wa surukinsa ba. Ko Baba ya ce rana daga yamma take fitowa, zai sunkuyar da kai ya ce haka ne. Maimakon ya yi bayani, sai ya buɗe bayan mota ya miƙa masa shebur ɗin roba da muke kwashe ƙanƙara da shi. Baba ya juya shi gaba da baya, ya lanƙwasa bakinsa da yatsa.

"Da wannan suke noma? Dole abincinsu ya ƙare a gwangwani."

Na cusa rigar da hula a leda. Na ce a raina in mun isa ido zai yi masa bayani.

Zailani ne ya zaɓi wurin, wai ya fi kusa, ba sai mun bar Bronx ba. Fili ne a bayan wasu kantuna, an kewaye shi da dammunan ciyawa, an shimfiɗa ciyawa a ƙasa, an baza kabewa ɗaruruwa a kai. Akwai tarakta ta katako da aka yi wa fenti, da awaki biyu a keji masu kama da waɗanda suka gaji da duniya. Kiɗa na tashi daga lasifika.

Baba ya yi bisimilla ya shiga da ƙafar dama. Ya sunkuya kan kabewa ta farko ya tattara ƙarfi zai tsinko ta, sai ta taso salin-alin har ya kusa faɗuwa ta baya. Ya juya ta. A gindinta akwai 'yar takarda manne.

"Ina yaɗon?"

"Baba, ai..."

"Ina ganyen? Wace irin kabewa ce ba uwa ba uba, sai katin shaida?"

Ya sa takalmi ya share ciyawar. Baƙar kwalta ta bayyana. Ya ƙara sharewa, ga farin layi ɗoɗar. Ya bi layin da shebur har ya kai kwana, sannan ya miƙe ya riƙe ƙugu.

"Balki, gonar taku wurin ajiye mota ce."

"Don yara aka yi, Baba."

"A ƙasar nan har kwalta haihuwa take."

Na bar shi da bincikensa na koma kan aikina. Na zaunar da Ummi kusa da wata ƙatuwar kabewa, kafin in ɗaga waya ta tafi wurin awaki. Na kamo ta, na tarar Jibrin ya ɗora ƙaramar kabewa a ka yana tafiya kamar mai talla. Na sauke, na gyara masa riga, na waiwaya, Ummi ta cire takalmi ɗaya ta ba akuya. Zailani da ya kamata ya taya ni yana can layin masu sayen gurasa mai sukari. Zufa ta keto mini duk da sanyin Oktoba, ɗankwalina ya koma gefe.

Ko'ina a filin haka ake fama. Iyaye a durƙushe, waya a sama, kowa na ihun "Cheese! Say cheese!" Kalmar cuku take nufi, ana sa yara su faɗe ta ne don baki ya buɗe kamar ana murmushi. Ni na saba da ita har ban ƙara jin ta a matsayin kalma ba. Baba kuwa da sabon idonsa da tsohon kunnensa ya tsaya yana nazari.

Da Zailani ya dawo baki duk sukari, Baba ya yafito shi.

"Me suke ta ce wa yaran nan?"

"Haka ake cewa in za a ɗau hoto, Baba."

"A ce su ciza?"

Zailani ya haɗiye abin da ke bakinsa. Ya dube ni, ya dubi ƙasa. "Haka ne, Baba."

Da ina kusa da na taka masa ƙafa.

"Shi ya sa suke ta fito da haƙora," Baba ya ce yana gyaɗa kai. "Amma ka lura, tun ɗazu ake cewa su ciza, ba wanda ya ciji komai. Ashe ba nawa kaɗai ba ne. Yaran ƙasar nan gaba ɗaya ba sa jin magana."

A can ƙarshen fili akwai mutum-mutumi tsaye, hannuwa a buɗe, malafa a ka, fuska duk fenti, ciyawa na leƙowa ta wuya da hannun riga. Tattabaru na tsintar gugguru a gindinsa hankali kwance. Baba ya je ya zagaya shi sau biyu, ya ja ciyawar hannun ya duba ɗaurin.

"To, wannan dai an iya," ya ce. "Ga abu ɗaya na gaskiya a gonar." Ya ɗan buga masa kafaɗa. "Sannu da aiki, bawan Allah. Kai kaɗai ke aiki a nan."

"Yawwa, Alhaji, sannunka dai. Ina gajiya?"

Ban san Baba na iya tsalle ba sai ranar. Ya yi baya taku uku yana a'uziyya, ya ɗaga shebur ɗin roba sama da hannu biyu.

"Kar ka buga, baba! Mutum ne! Souley sunana, mutumin Maraɗi!"

Dattijo ne ma, da furfura a gemunsa ƙarƙashin fentin. Ya ce Litinin zuwa Juma'a gadi yake yi a wani gini, Asabar da Lahadi kuma shi ne wannan. Suka shiga gaisuwa, ina gida, ina iyali, ya damina, ya aka ji da sanyi. Duk wannan Souley bai sauke hannuwa ba, wai mai wurin na kallo. Baba ya kama yatsun safar hannun da ciyawa ta cika ya girgiza.

"To Malam Souley, gaya mini tsakaninka da Allah, wa ya noma kabewar nan?"

"Kamiyon, babbar mota, ka kawo ta da asuba, baba. Mu muka baza ta."

"In an saya fa, miyar me ake yi?"

"Ba a ci."

"Ba taushe?"

"Babu. Huda mata ido da baki a kai, a sa kyandir ciki, a aje bakin ƙofa har ta ruɓe. Wallahi shekarata tara nan, ni ma ban gane ba."

Baba ya dubi filin daga wannan bango zuwa wancan. Sannan ya buɗe buhun shinkafarsa ya fara zaɓa, yana ƙwanƙwasa kowace da yatsa yana sa kunne. Ya ce ba zai iya ceton su duka ba, amma ba zai tsaya gaban Allah a ce ko uku bai fitar ba.

Yana cikin ɗaure bakin buhun ya ɗago ya dube ni. Babu wasa a muryarsa.

"Balki, kin ga ikon Allah. Mutum-mutumin Amurka ya amsa mini gaisuwa. Sati biyar ina gaida jinina."

Maganar ta soke ni. Na ji kunya, na ji haushi, na rasa wa zan ba laifi, ni da nake fita aiki tun duku-duku, ko Zailani, ko katun. Idona ya ciko. Ni kuma in hawaye ya zo mini a gaban mutane faɗa yake komawa.

"Wallahi ba wanda zai bar wurin nan sai an ɗau hoton nan! Baba, ɗaga hannu!"

Na zura masa babbar riga a kan jins da takalman ƙanƙara, na kafa masa hula. Na zaunar da shi a kan damin ciyawa. Zailani ya kamo Jibrin, na kamo Ummi da takalminta ɗaya, muka dasa su dama da hagu. Kowannensu ya matsa can gefe, tsakaninsu da kakansu kamar an bar wa wani wuri. Jibrin ya rungume ƙaramar kabewarsa. Baba ya ɗora hannuwa a gwiwa ya ɗaure fuskar fasfo.

Na ɗaga waya zan ɗauka. Souley ya leƙa hagu da dama, ya sauke hannuwansa yana nishi, ya cire safa ɗaya ya karɓi wayar. Ya ce sau ɗari yake yin wannan a wuni.

"Bon. Ku matso kaɗan. Say cheese!"

Ba wanda ya motsa.

"Yara, cheese! Cheeeese!"

Ummi ta turo baki. Jibrin ya kalli sama. Souley ya yi rawa, ya kaɗa ciyawa, ya yi kukan akuya har awakin gaske suka amsa. A banza.

Baba ya gaji. Ya yi tsaki, ya ɗaga murya irin wadda yake kiran 'yan ƙwadago da ita daga ƙarshen gona.

"Kai! Ku ciza mana mu tafi gida!"

Jibrin ya kafa haƙora a kabewa, ƙarar ta kai har inda nake. Ummi ba ta da kabewa. Ta duba abin da ya fi kusa, ta kamo babban yatsan Baba da hannu biyu ta gantsara masa cizo.

"Wayyo Allah! Ke! Saki! Saki!"

Ta saki nan take.

Hular Baba ta faɗi. Ya dubi yatsansa, ga sawun haƙora a jere. Ya dubi Ummi, ya daɗe yana dubanta. Ni na riga na taso zan kai mata duka, ya ɗaga mini hannu.

"Ke," ya ce a hankali, "taɓa kunnenki."

Ta taɓa.

"Ɗaga ƙafar da ba takalmi."

Ta ɗaga.

Ya juya ga Jibrin, wanda ke tofar da ɓawon kabewa. "Kai mai kan tulu, miƙo mini hulata."

Jibrin ya ɗauko hular, amma bai miƙa ba. Ya tsaya yana kallon sanƙon Baba da ke ƙyalli a rana, bakinsa na motsi kamar mai haɗa lissafi a ka. Sannan ya ce da wata karkatacciyar Hausa, "Ni ba tulu ba. Kai... kan kabewa."

Dariyar da Baba ya fashe da ita sai da tattabaru suka tashi. Ya riƙe ciki, ya buga takalmin ƙanƙara a kwalta, giɓinsa da yake ɓoyewa shekara ashirin ya fito fili. "Ya rama! Zailani, ka ji ɗan banzan nan? Ya rama!" Zailani ya ce haka ne, Baba. Mutane suka taru suna tafi ba su san dalili ba. Wata Baturiya ta matso ta tambaye ni wace kalma muka faɗa aka yi irin wannan dariya, na gaya mata. Ta koma ta durƙusa gaban 'ya'yanta tana ihun "Kuciza! Kuciza!" Suka tsaya suna kallonta.

Baba ya share ido da hannun riga. Sai na ga dariyar tana janyewa daga fuskarsa kaɗan-kaɗan, kamar wanda ya tuna ya bar ƙofa a buɗe.

"Ashe duk abin da nake faɗa a gidan nan..." Bai ƙarasa ba. Ya jawo Ummi gabansa. "To ke, tunda kina ji, me na yi miki kike guduna?"

Ta amsa da Turanci, kanta a ƙasa, tana murza bakin rigarsa. Baba ya dube ni in fassara. Na fara.

"Ta ce wai fushi kake yi da ita. Wai kullum kana zama a taga kana cewa ta tafi ta bar ka, alhali tana bayanka tana wasa. Wai kana cewa, Habiba..."

A nan muryata ta tsaya. Tunda aka haife ni ban taɓa jin Baba ya kama sunan Inna ba. Uwar Balki yake cewa, ko mai ɗakin. Ko ranar da aka binne ta, an ce mini bai yi kuka a gaban kowa ba. Ashe ya tara ne ya kawo hawa na tara, inda yake ganin ba mai jin yarensa.

Ummi ta ga na yi shiru, ta ga aikin ya koma kanta. Ta ja rigarsa da ƙarfi har ya sunkuyo.

"Habiba ba tafi ba," ta ce. "Ga ni."

Baba ya ɗauke ta ya ɗora a cinya ya kifa fuskarsa a kanta. Kafaɗunsa na rawa. Ni kuka nake sosai, ban damu da wa ke kallo ba. Souley ya juya mana baya ya buɗe hannuwansa ya koma bakin aiki, fentin kumatunsa ya zubo har gemu.

A mota na duba wayar. Hoto sittin da wani abu ya ɗauka, guda ɗaya ne kowa ya fito a ciki. Jibrin da kabewa a baki, ido a zare. Ummi a manne da yatsan kakanta. Baba baki a wangame, hula a iska, ba ka iya cewa ihu yake ko dariya. A kusurwa ga ciyawar hannun Souley ta rufe rabin akuya. Shi ne a bangon falona yanzu, na sa an wanke shi babba.

Da yamma na yi taushe da kabewar da Baba ya ceto. Ya ce ruwa ce zalla, ba ta da ɗanɗano ko na sisi, ya kuma nemi ƙari. Ranar Talata a hanyar filin jirgi ya tambayi Zailani, kamar ba da wata manufa ba, ko bizar nan sau ɗaya ake shiga da ita ko tana da saura.

Yatsan ya kumbura ya yi baƙi. Kafin ya shiga layi na fito da filasta daga jaka zan manna masa, ya ɓoye hannun a cikin riga.

"Bar mini abuna," ya ce. "Mutanen Bakori sai sun gani da ido za su yarda matata na jin magana."